Wai Ciwon Turawa Ne?

Sannunku da ƙoƙari, sarakunan musu. Da zarar an ce soshiyal midiya na taɓa hankalin yara, sai ku taɓe baki: "Ciwon damuwa ai na Turawa ne, mu nan tsadar masara ce damuwarmu." Madalla. Abin dariyar shi ne, masu kayan ma ba su kai ku musu ba.

A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin. A ciki, binciken da suka yi da kansu ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin surar jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Mai ɗaki ya nuna inda yake masa yoyo, kai kuma Alhaji kana rantsuwa rufin lafiya lau.

Za ku ce ai kamfani ɗaya ne. To, a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa matashin da ke wuce awa 3 a rana a kan waɗannan shafuka, haɗarin shigarsa damuwa da fargaba ya ninka. A 2024 Ostireliya ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe su. Su ma duk tsoron banza ne?

Hajiya, ke kuma da kike cewa "tawa dai tana ɗaki, ba ta yawo", leƙa ɗakin da ƙarfe biyun dare. Ga haske a ƙarƙashin bargo, datar dare ake ƙonawa. Tana kallon akwatunan lefen wata da fuskar da aka tace har ba a ganin ƙurji ko ɗaya. Ta ɗora hotonta, ba a yaba ba, ta goge. Da safe ta fito ido jajir, ba ta son magana, ki ce maleriya ce, a nemo magani.

Gaskiya ne, waya ba ita kaɗai ce mai laifi ba, masana ma suna jayayya kan girman illarta. Amma gwaji ba ya cin kuɗi. Bayan Isha a tara wayoyin gidan duka a falo har asuba, taku a sama. Mu ga tsakanin ku da yaran wa zai fara zazzaɓi.