Furen da Ya Fi Liman Halartar Aure

Daga watan Maris zuwa saukar ruwan farko, ranar Zariya ba ta san ɗan sarki ba. Da azahar a Kwangila kwalta na tururi, tireloli na bi ta kan gada suna zazzaga hayaƙi, 'yan kamasho a ƙasa suna kiran Funtuwa da Gusau har murya ta dushe, zafi kuwa ya haura digiri 35. Wannan lokacin ne 'yan matanmu suka zaɓa su ce lallai sai an yi musu yinin biki a fili, kuma da ɗanyen fure, irin wanda suka gani a Instagram.

Fure dai da zarar an yanke shi ya rabu da saiwarsa, ruwan jikinsa ne kawai guzurinsa, zafi da busasshiyar iska kuma suna ta zuƙe shi. Shi ya sa manoman wardi na bakin Tafkin Naibasha a Kenya suke garzayawa da shi ɗakin sanyi da an yanka, a ɗora shi a jirgi daga Nairobi zuwa Holan ba tare da ya ɗanɗani rana ba. Namu kuwa daga Jos ake yo odarsa, a cusa shi a but tsakanin buhun dankali da na kabeji, ya biyo ta Saminaka da Pambeguwa yana shan gargada. Kafin a sauke shi a tasha ya fara kalmar shahada.

Duk da haka ni ban ga laifin rana ba. Rana tana fitowa a kan lokaci, ta faɗi a kan lokaci, abin da babu wani mahaluki a bikin nan da zai yi. A kati an rubuta ƙarfe 2 daidai, har da jan layi. Mai dekoreshon ya gama jera kayansa tun 11 na safe, don yana da wani bikin a Samaru. Amarya kuwa tana hannun mai kwalliya ana dasa mata gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ƙawaye na rigimar wadda tela ya ɓata wa anko, motar ango ta maƙale a cunkoson ƙarƙashin gada. Sai biyar da rabi za ka ji guɗa. Sa'a shida da rabi ke nan wardi na tsaye yana jiran baiwar Allah. Ashe abin da ya kamata a tambayi mai sayarwa shi ne: wanne ne zai iya jure lattin amarya?

Akwai masu jure rana a garin nan, ba a rasa ba. Ga wancan mai ƙaya, ja da ruwan hoda, da ke lulluɓe katangun gidajen malamai a jami'ar Ahmadu Bello, sai dai jarumtarsa a jikin uwarsa take, kana yanko shi ya langaɓe. Ga kariya, wadda ke fure tsakiyar rani, amma ruwanta dafi ne, ga kuma yara a wurin biki. Sai tumfafiya, wadda ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba. A Tailan da Hawai har sarƙar wuya ake yi da furen 'yar uwarta. Ka gwada faɗa wa uwar amarya haka.

"Tumfafiya? A bikin 'yata? Haba Malam, so kake maƙiya su samu na faɗa?"

Aibinta ɗaya ne: kyauta ce, tana nan a kowane kango. Mu kuwa abin da ba za a iya faɗin kuɗinsa da ƙarfi a tsakar gida ba, ba ya shiga biki.

Saboda haka furen roba ya ci kasuwa ba hamayya. Daga Sin ya taso, ko da yake mai dekoreshon zai dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, wannan ɗan Turkiyya ne." Ba ya shan ruwa, ba ya yaushi, in ƙurar Kwangila ta rufe shi a jiƙa shi da omo a shanya, in kana son ƙamshi a fesa masa turare. Juma'a yana Hanwa, Asabar Tudun Wada, Lahadi Sabon Gari. Ya ga sadakin da aka biya lakadan da wanda aka ce ajalan. Ya ga auren da ya daɗe da wanda bai kai azumi ba. Wata uwargida ma a hoton bikin kishiyarta ta gane shi, har da ɗan ƙunar da ya yi a gefe ranar nata bikin. Aka ce ba ta yi fushi da mijin ba kamar yadda ta yi da furen.

Wani abin mamakin, shi wannan da rana ba ta yi masa komai, shi ake ba inuwa. Kanofi mafi kyau na fure ne da kek da kujerar ango da amarya da babu kowa a kai. Gwaggonnin da suka taso tun daga Giwa da Soba suna can baya, rabin jiki a rana, suna fifita da katin gayyata.

Su ma sun san yadda suke fanshewa. Ana fara liƙi, hankalin kowa ya koma fili, sai ka ga hannu mai lalle ya miƙe a hankali ya zare reshe guda, ya shige jaka kusa da robar shinkafa. Bayan magariba mai dekoreshon na ƙirga kayansa da fitilar waya, ya tare wata dattijuwa a ƙofa, jan wardi na leƙowa daga mayafinta.

"Gwaggo, don Allah wannan na haya ne."

"Ɗan nan, ni na yi wa uwar yarinyar nan wankan jego. Matsa in wuce, masu keke za su tashi."