Ranar da Gure ta wayi gari ba akuya

Da na ƙudiri neman gurbin mastar a fannin nazarin zamantakewa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wani tsohon mushena na makaranta ya ara mini littafin Olivier de Sardan na 2008 kan dabarun bincike. Marubucin nan yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai a 2001, kuma koyarwarsa ita ce a zauna da mutane, a jima, a saurara. Ni kam na karanta shafukan farko, barci ya karanta sauran. Na ce bari in gwada hannuna a unguwarmu, nan Gure.

Na buga tambayoyi a kwamfuta, na sa riga mai aljihu barkatai irin ta ma'aikatan agaji, na soke bik a kunne.

Gidan farko na tambayi maigida yawan dabbobinsa. Ya dubi rigar, ya dubi takardar, ya ce, "Yaro, wane furoje ne?"

Na ce, "Karatu ne, Baba."

"To rubuta, ko kaza babu."

Daidai nan wani ƙaton bunsuru ya leƙo ta zaure ya ɓarke da kuka. Baba ko waiwaye bai yi ba, ya ce, "Na maƙwabta ne." Iyali fa? "Mutum 27, ban da baƙi."

Kafin azahar labari ya kai kasuwa wai ana rubuta sunaye za a raba shinkafa da dusa. Ƙa'idar bincike ta ce mai bincike ke zaɓen waɗanda zai tambaya, ba son rai. Nawa mutanen su suka zaɓi kansu, suka ja layi da katin zaɓe a hannu. Gwaggota, wadda ta goye ni, ta ce in rubuta ta sau biyu, ita da marigayi.

Da abin ya fi ƙarfina na hau benci na ce, "Jama'a, ba taimako ba ne, ƙidaya ce kawai!" Wani daga baya ya ce, "Lanho ne, haraji!" Layi ya watse kamar shaho ya faɗo cikin 'yan tsaki. Can sai ga jikan Baba a guje, wai a gyara, iyalin 4 ne.

Da dare a fada ana shayi na karanta wa abokai sakamako: a yankin da ake lodin shanu da raƙuma daga kasuwar Subdu zuwa Nijeriya, ba mai akuya ko ɗaya. Mai dafa shayin ya ce, "Malam, rigarka suka amsa wa. Ka koma ka yi hira da bunsurun, shi kaɗai ya faɗi gaskiya."

Takardun neman gurbi dai na kai su Damagaram. Gwaggo kuwa har yau ba ta taɓa tambayata karatu ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba za ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, shinkafar ta iso?"