Gidan da Ya Tsaya a Linta

Duk wanda ya zaga bayan garin Daura, ta hanyar Zango ko ta Mai'aduwa, lalle zai ga wani salon gini da magabata ba su sani ba, wato gida mai harsashi da bango da tagogi, amma rufinsa sararin samaniya, mazaunansa kuwa awaki da ƙadangaru, waɗanda ba su biyan haya. Sababin wannan musiba shi ne, tun da aka janye tallafin mai a 2023, simintin Obajana da na Sakkwato ya riƙa hawa, har buhu ya haura naira 10,000 a Fabrairun 2024. Hukuma ta zauna da kamfanoni aka yi ittifaƙi a kan 7,000 zuwa 8,000, sai dai ittifaƙin ya iso ta rediyo, ya manta hanyar shagon dillali. Mai niyyar aure ya sayi rodi bara, bulo bana, kwano sai baɗi in da rai. Da na shawarci magini a koma tubali, sai ya ce, "Alhaji, ai azara ma ta san darajarta yanzu." Iyayen 'yan mata, don Allah ku karɓi ango ko da ɗaki ɗaya ne da zana.