Yadda Jambito Zai Shiga Laburare Ya Fito Da Mutuncinsa

Ƙanena, ga ka a Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello. Ka biya kuɗin makaranta, ka sha layin rajista, ka sami gado a hostal ɗin Suleiman ko ka raɓe a ɗakin ɗan garinku a Danfodio. Manyan ɗalibai sun fara kiranka jambito, wato sabon ɗalibi, kana yaƙe kamar abin bai dame ka ba. Saura katin laburare. Za su ce maka ba abin gaggawa ba ne, kuma gaskiyarsu: ba za ka neme shi ba sai ana saura kwana uku jarrabawa, ranar da duk masu hikima irin taka za su taru a layi guda. In kuwa ba ka son wannan zumunci, je ka tun makon farko da takardar shaidar ɗaukarka, da rasit, da ƙananan hotuna. Jambito ba ya fita ba hoto a aljihu.

Sunan wurin Laburaren Kashim Ibrahim. Don Allah kada ka shiga kana tambayar ko Malam Kashim yana ofis. Sa Kashim Ibrahim mutumin Borno ne, malamin makaranta da ya zama Wazirin Borno, sannan Gwamnan Jihar Arewa daga 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, zuwa 1966. Ya rasu a 1990. Kuma kafin ka ɗaura ɗamarar zama ɗan gida a nan, bincika ko nan ne gidan naka. Mai karatun shari'a ko harkar mulki, harabar Kongo ce mahallinsa, inda laburaren Shugaba Kennedy yake. Ɗalibin likitanci kuwa Shika na jiransa nan gaba.

A bakin ƙofa za a raba ka da jakarka. Kada ka yi musu, kada ka fara jawabin 'yancin ɗan Adam. Cire wayarka da kuɗinka, ka ce, “Baba, ina kwana, ya aiki?” ka wuce. In za ka fito mai gadin zai buɗe littattafanka ɗaya bayan ɗaya, wataƙila ya ɗan kalli cikinka ya ga ko ya ƙara tudu tun shigarka. Ba kai ya raina ba. Yayyenka da suka gabata ne suka koya masa cewa babbar riga ba don ado kaɗai ake sa ta ba.

To, ka shiga. A nan ne yawancin sababbi suke yin abin da na fi so in kalla: tafiya da sauri tsakanin kantoci, fuska a murtuke, kamar wanda ya san inda ya nufa. Mutum ya zaga bene ya sauko, ya sake hawa, daga ƙarshe ya zaro wani littafi kan kiwon kifi alhali tarihi yake karantawa, ya zauna yana gyaɗa kai. Duk don kada a ce bai sani ba.

Asirin kuwa yana manne a gadon bayan kowane littafi: 'yar farar takarda mai haruffa da lambobi. Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wanda yawancin jami'o'in Nijeriya suke bi. An kasa ilimin duniya kashi 21, kowane kashi da harafinsa, kamar Kantin Kwari, layin atamfa daban, layin shadda daban. B falsafa da addini, inda BP ke riƙe da Musulunci. D tarihi, DT tarihin Afirka, DT515 kuma Nijeriya. H ilimin zamantakewa da tattalin arziki, L koyarwa, S noma, T fasaha da injiniyanci. Q kimiyya: QA lissafi, QC fizik, QD kimistiri, wato layin da ake shiga da fara'a a fito ana salati. P harsuna da adabi. Larabci yana PJ, Hausa kuma can cikin PL, wajen lamba 8231 zuwa 8234. Saboda haka in kana neman ƙamus ɗin Bargery na 1934, ba sai ka bi bango kana karanta suna ɗaya-ɗaya ba. Haruffa biyar, I, O, W, X da Y, ba a ba su komai ba. In wani babban ɗalibi ya aike ka sashen X, ka san wasa yake da hankalinka.

Ga inda ko 'yan aji huɗu suke tuntuɓe. Bayan lambar farko akwai ɗigo da harafi da wata lamba, yawanci daga sunan marubuci. Wannan ta biyun ba ƙirgen yau da kullum ake mata ba, gutsure ce ta bayan ɗigo. Don haka .B25 tana zuwa kafin .B3, ko da yake idonka zai rantse maka 25 ta fi 3. Ka riƙe wannan da kyau. Ranar da ka warware wa wata 'yar ajinku shi a gaban kanta, darajarka za ta tashi fiye da ta mai sabuwar waya.

Lambar kanta daga katalog ake samo ta, ko a kwamfuta ko a tsofaffin akwatunan kati masu 'yan aljihuna. Nemi sunan marubuci ko sunan littafi ko maudu'i, ka kwafe lambar dukanta. Dukanta na ce. Wanda ya rubuta rabi ya ce sauran yana kansa, shi za ka gani yana saukowa bene yana ƙunƙuni.

In ka gama da littafi, bar shi a kan tebur. Na san an yi maka tarbiyya, an ce ka mayar da abu inda ka ɗauko shi. A nan ladabin naka ɓarna ne, domin littafin da aka soka a kantar da ba tasa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ginin. Akwai kuma masu yin haka da gangan. Mutum ya sami littafin da dukan aji ke nema, ya kai shi layin noma ya cusa bayan littattafan takin zamani don ya riƙa zuwa shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya manta ko wace kanta ce. Allah Ya shirye su, amma ni ban ga laifin wanda ya ƙi cewa amin ba.

Saboda irinsu aka yi sashen ajiya. Littafin da kwafinsa kaɗan ne, masu nema da yawa, can ake tsare shi; ka ba da katinka, ka karanta na ɗan lokaci a wurin, ka dawo da shi. Ƙamus da kundayen bayanai ma ba sa fita waje, kada ka wahalar da bakinka da magiya. Kundayen digiri na waɗanda suka gabace ka kuwa, duba su ka ga yadda ake tsara bincike. In zuciya ta raya maka ka kwashe babi guda, tuna cewa mai yiwuwa malamin da zai duba naka shi ya duba wancan, in ma ba shi ya rubuta shi ba.

Kujera kuma siyasa ce. Farkon zango za ka iya miƙe ƙafa a kan uku. Da jarrabawa ta ƙarato, sai ka tarar da tebura cike da littattafan rubutu ba masu su: an kama wuri tun safe an tafi cin ƙosai. Mafi tsada ita ce kujerar kusa da soket, inda za ka ga mai himma ya zo da caja uku da biro ɗaya. Barci ba laifi ba ne, musamman lokacin hunturun Samaru, amma ka buɗe littafin kafin ka kifa kai, kuma ka roƙi maƙwabcinka ya taɓa ka in ka fara munshari.

Sashen kwamfuta ba don kallon ƙwallon Ingila aka yi shi ba, ko da yake an san ana taɓawa. Jami'o'i suna da rajista da rumbunan mujallun ilimi irin su JSTOR, akwai kuma HINARI na fannin lafiya da AGORA na noma. Maƙalar da intanet zai ce ka biya dala kafin ka karanta, sau da yawa a nan kyauta ce, in ka tambayi yadda ake shiga. Ma'aikatan laburaren digiri suka yi a kan wannan aiki. Ka ce, “Malama, don Allah ni sabo ne, ina neman kaza.” Ta riga ta sani tun daga yadda ka tura ƙofar da ake ja.

Aro kuwa, duba ranar da aka buga maka a cikin littafin. Kowace ranar da ta wuce, tara za ka biya, kuma kada ka ara wa aboki da katinka komai daɗin bakinsa, domin sunanka ne a rubuce. Laburare ba ya aiko ɗan saƙo hostal, ba ya kiran waya. Haƙuri gare shi. Zai bari ka gama aji huɗu, ka ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai, Inna ta sa a soya kaji, ka zo da takardar sallama neman sa hannu, sannan a jawo fayil a tambaye ka labarin wani littafin kiwon kifi.