Zuwa ga Bazazzagin Yangoji, kan golan nan naka mai amai

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na Kano yana gaishe ka. Ya uwargida da yara, ya zaman ƙasar Kwali?

Labari ya iso mini cewa kwamitin ƙungiyar ƙwallon matasanku zai zauna kan batun golanku: a ƙara masa wa'adi ne, ko a ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. An ce kai ne uban ƙungiya, kuma kai ne ka miƙe ka gyara zaman hula ka ce a sabunta masa kwantiragi har shekara uku. Na tambaya me ke cikin kwantiragin, aka lissafa mini: kuɗin acaɓa ranar wasa, safar hannu ta gwanjo duk shekara, lemon kwalba in an yi nasara, ruwan leda in an sha kashi. To ko a haka ma, Bazazzagi, an yi tsada.

Na ga yaron nan da idona ranar da na biyo hanyar Lokoja na yada zango a gidanka, ka ja ni filin makaranta don ka yi mini burga. Tsakani da Allah yana da tsayi, yana da murya, kuma wajen shiri kafin a busa usur babu na biyunsa. Zai tofa yawu a safar hannu, ya tafa, ya taɓa turken dama, ya taɓa na hagu, ya daka tsalle ya shafi sandar sama. Duk wanda ya gan shi a lokacin sai ya ce yau an sa wa raga kwaɗo. Can sai aka bugo wata ƙwallo daga nesa, ba ƙarfi ba murɗiya, tana tafe tana tsalle-tsalle a jar ƙasar filin, irin wadda ɗan firamare zai tare da ƙafa yana cin rake. Golanka ya ware hannu, ya ware ƙafa, ta same shi a ƙirji, ya amayar da ita daidai ƙafar ɗan gaban abokan karawa. Sai ka rantse da miyar kuɓewa ya wanke hannu. Raga ba ta gama girgiza ba ya riga ya juya yana surfa wa mai lamba biyar masifa, bawan Allahn da ko kusa da wurin bai zo ba. Kai kuma kana gefe kana ce mini, "Iska ce, Alhaji." Ranar ko ganyen mangwaro bai motsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda ka tono shi. Ƙaramar hukumar Kwali fa ce, ƙasar Ladi Kwali, matar da hannunta ya kai ta Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban Turawa, har aka buga hotonta a bayan naira 20. A ƙasar da hannu ya yi suna haka, kai da ka tashi neman gola sai ka zaɓo wanda ko buta aka miƙa masa sai an ce a yi hattara.

Amma da na zauna na yi tunani sai na ga gado ne. Zamanin jihadi Zariya ta suɓuce daga hannun Sarki Makau, Allah ya jiƙansa, ya yo kudu har Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka ce masa Abuja. Da gwamnati ta tashi gina sabon babban birni bayan dokar 1976, sunan ma sai ya suɓuce, aka bar ku da Suleja. Mutanen da gari ya faɗi daga hannunsu, suna ya faɗi daga hannunsu, me zai sa su ga laifin yaro don ƙwallo kawai ta faɗi? Na san za ka ce Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022. Ta faɗa, ta kuma taso a 2023, da kofunan gasar ƙasa guda 4 a ɗaki. Kai kawo naka in gani.

To bari mu bar wasa mu ɗan yi ƙwallo, tunda ku mutanen jami'a ne, ba kwa yarda sai da hujja.

Ka tuna ranar 29 ga Maris, 2022? Kun cika mota daga Yangoji, kuka ratsa Gwagwalada, kuka karya ta Giri, kuka nufi filin wasa na Moshood Abiola, kowa da koriyar riga. An riga an yi canjaras babu ci da Ghana a Kumasi, saura a ƙarasa aiki a gida a tafi Qatar. Wajen minti 10 da farawa Thomas Partey ya sheme wata ƙwallo daga wajen da'ira, ta zo daidai inda Francis Uzoho yake, ta zille ta ƙarƙashin hannunsa ta shige. William Troost-Ekong ya farke da fenariti, aka tashi 1-1, amma dokar cin waje ta ba Ghana tikiti. 'Yan kallo suka faɗa fili suka yi ɓarna, FIFA ta ci Najeriya tara. Ɗan gaba yana iya ɓarar da ƙwallo biyar a wasa ɗaya, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola kuwa bayansa ba kowa sai raga. Hannu ɗaya ya kuskure na daƙiƙa ɗaya, ƙasa guda ta zauna kallon gasar duniya a talabijin.

Na san hujjarka, don ita kake ta maimaitawa: yaron yana da ranarsa. Ban musa ba. Uzohon nan dai, kusan watanni bakwai bayan abin da ya faru a Abuja, ya tsaya wa Omonia ta Saifurus a Old Trafford, Manchester United ɗinka ta yi ta luguden ƙwallo, ya ture sama da 10, sai a ƙarin lokaci Scott McTominay ya samu ta shiga. Gola ɗaya, hannu ɗaya, shekara ɗaya. Matsalar ita ce wanda ya sa hannu a kwantiragi ba ranar sa'a kaɗai ya saya ba, har da ranar amai, kuma ba a gaya masa wacce za ta faɗo ranar wasan ƙarshe.

Tunda na ambaci United, zo mu buɗe wannan faifan, don masu gidan kallon Yangoji ba su manta da kai ba. David de Gea ya zo daga Atletico Madrid a 2011, ya yi shekara 12, ya buga wasa 545, sau 4 magoya baya suna zaɓarsa gwarzon ƙungiya. A 2019, lokacin da hannunsa ya fara rawa, sai shugabanni suka ji tsoron kada ya tafi a banza, suka ɗaure kansu da shi har 2023 a kan albashin da jaridu suka ce ya kai fam 375,000 a mako. Wannan ita ce shekara ukun taka, da ƙari. Me ya biyo baya? A wasan ƙarshe na gasar Europa a 2021, 'yan Villarreal 11 suka buga masa fenariti bai ture ko ɗaya ba, da aka zo kansa ya buga tasa aka ture. A watan Mayun 2023 Said Benrahma na West Ham ya turo masa wata lallausar ƙwallo, ta bi ta hannunsa ta wuce. An ce ranar har benci ka buga da ƙafa, kana ihu a kore shi, mai gidan kallo yana roƙonka ka zauna kana tare wa mutane hoto.

Aka kuwa kore shi, a shekarar da ya lashe kyautar golan da ya fi kowa wasannin da ba a ci shi ba a Firimiya, guda 17. Erik ten Hag ya kawo André Onana daga Inter Milan kan kuɗin da ya doshi fam miliyan 47, kai kuma ka raba goro. Ka ce wannan da ƙafa ma yana raba ƙwallo, zamani ya zo. Wasan farko na gasar zakarun Turai, a gidan Bayern Munich, Leroy Sané ya bugo, ta suɓuce. A Istanbul Hakim Ziyech ya ci shi bugun tazara har biyu, aka tashi 3-3 da Galatasaray, United ta ƙare a ƙarshen rukuni. A Afrilun 2025 ya sake yin amai a gidan Lyon. A Agusta Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta yi waje da ku daga kofin Carabao yana tsaye a raga, wata na zagayowa aka ba da aronsa ga Trabzonspor ta Turkiyya. De Gea kuwa ya huta shekara guda, ya koma Fiorentina yana kama ƙwallonsa lafiya lau. An gudu ba a tsira ba. Kai mutum ɗaya ka yi kuskuren nan ta fuska biyu: wancan karon ka ce a kori wanda ba ka da madadinsa, yanzu kuma ka ce a ɗaure wanda ba ka gwada kowa da shi ba.

Shi ya sa ban damu da tambayar da kwamitinku ke ta jayayya a kai ba, wai ya cancanta ko bai cancanta ba. Ni abin da nake so in ji shi ne wa ke zaune a benci. Liverpool ta ajiye Loris Karius bayan abin da ya yi a wasan ƙarshe da Real Madrid a 2018 ne saboda tana da kuɗin sayen Alisson daga Roma, kuma shekara na zagayowa ta ɗauki kofin. Kai ba ka da kuɗin Alisson, asusunku ko ragar kirki bai saya ba. Amma dubi yadda Najeriya ta fita daga tata matsalar. José Peseiro ya daɗe yana riƙe da Uzoho ana ta surutu, sai gab da gasar Afirka ta Kwaddibuwa ya ɗauko Stanley Nwabali, yaron da ya tsare wa Wikki Tourists ta Bauchi da Katsina United raga ba wanda ya waiwaye shi, har ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu. A Fabrairun 2024, a Bouaké, shi ya ture fenariti 2 na Afirka ta Kudu ya kai mu wasan ƙarshe. Madadin yana nan tun tuni, dubawa ce ba a yi ba. Tsakanin Yangoji da Abaji ba za a rasa wani ɗan manomi mai hannu kamar faranti ba, wanda bai taɓa samun wanda zai ce masa shiga raga mu gani ba. Ka taɓa nema?

Sannan amai iri biyu ne, kuma wannan ne ya kamata kocinku ya tantance kafin kowa ya ɗauki biro. Akwai na rashin koyo. Gola bai san ya sa ƙirjinsa a bayan ƙwallo ba, bai san ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya toshe tsakanin ƙafafunsa ba, bai san wadda ta fi ƙarfin kamu gefe ake ture ta ba tsakiya ba. Wannan yana gyaruwa. A Amurka suna da wata ƙwallo da ake runguma a hannu ana gudu ana bangazar juna, kuma babban abin kunya a cikinta shi ne ta faɗi daga hannunka. Wani ɗan wasan New York Giants, Tiki Barber, ya yi ƙaurin suna wajen yar da ita, har koci Tom Coughlin ya zo a 2004 ya tilasta masa ya riƙa ɗaga ta sama yana manne ta da ƙirji. Yarwar ta ragu ƙwarai, kuma shekaru ukun da suka rage masa su ne mafi kyau a rayuwarsa ta wasa. Akwai kuma aman tsoro, na wanda yake runtse ido in ya ga takalmi ya taso. Wannan ko ka kai shi Zariya an yi masa rubutu ya sha, sai dai haƙuri. Naka, yadda na gan shi, idonsa a buɗe yake, taurin kai ne ya yi masa yawa. Wanda duk ƙwallon da ta shiga laifin mai lamba biyar ne, ta ina zai koyi durƙuso?

Ga hukuncin ubangida, ka kai wa kwamiti. A ƙara masa kaka ɗaya tak. A nemo yaro na biyu, su riƙa karɓa-karɓa, duk wanda ya fi kamu ranar atisaye shi ke tsayawa ranar wasa. A sai masa safar da tafinta bai goge ba, don kada ya samu abin fakewa. Duk ranar da ya yi amai ya juya zai yi wa wani faɗa, ya biya kuɗin acaɓarsa da kansa. In kaka ta ƙare hannun ya nutsu, ka zo in sa maka albarka a kan shekara ukun.

Na san ba za ka kai wannan saƙo yadda na faɗa ba, kuma na san dalili. Akwai abin da ba ka gaya wa kwamiti ba, ni kuwa an gaya mini: golan nan ƙanin uwargida ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ragar Yangoji kake tsarewa ba, Bazazzagi, tuwon dare kake tsarewa. Da ka fito fili ka ce a taimaka maka kada a juya maka baya a gida, da ni da kaina na yi maka kamfe, don ba na so a ce bawana ya kwana da yunwa.

Kuɗin sharana na bana kuwa, ka turo ta banki. Kada ka kuskura ka aiko golan nan da su a hannu.