Sabuwar Mota Na Yoyo, Kowa Ya Zama Injiniya

Yawancin manyan motocin da ke jigilar gero da dawa da wake tsakanin Shinkafi da Ƙauran Namoda sun ci duniya kafin su iso mu. Wata ta gama aikinta a Holan, wata a Jamus, aka sauke ta a Kwatano ko Legas, aka watsa mata fenti, aka ce 'yar Beljiyam ce. Irin wannan in ta yi yoyo ba wanda zai ɗaga kai, tsufa ne. Amma a ce wani Alhaji a Moriki ya sayo sabuwa dal, kujerunta a leda, har da takardar garanti mai hatimi, sannan ruwan farko na watan Yuni ya sauka a wayi gari tabarmar ƙafar direba ta jiƙe sharkaf, to ranar majalisar bakin tasha ba ta da wani zance. Kafin azahar motar ta tara masana fiye da yawan tayoyinta.

Mai motar shi ne na ƙarshe da zai yarda. Ranar farko ya ce raɓa ce. Ta biyu ya ce yaron mota ne ya bar gilashi a buɗe, aka yi wa yaron faɗan da bai ci ba bai sha ba. Ta uku ya ce ai ruwan na'urar sanyaya ɗaki ne, alamar lafiya ce ma. A nan yana da 'yar gaskiya, don na'urar kan tara ruwa, kuma in bututun da ke zubar da shi waje ya toshe, cikin mota yake komawa. Sai dai ruwan Alhaji daga sama yake ɗigowa, daidai kan hular direba. Takardar garantin kuwa tana cikin leda, cikin jaka, cikin akwati, tare da takardun gona. Bai taɓa karanta ta ba. A wurinsa abin ajiya ce, ƙarfinta yana cikin kada a taɓa ta.

Direba iri biyu ne. Akwai wanda in ya ga ɗigo ɗaya zai kashe mota a tsakiyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya buga waya ya ce shi ba ya ɗaukar alhakin dukiyar mutane. Akwai kuma wanda ya saba da tsohuwar Daf shekara da shekaru, wanda yoyo a wurinsa ɗan'uwa ne. Wannan zai ɗaura tawul a wuya, ya ajiye kwanon sha a gefen giya, in ya cika ya watsar ta taga. Shi ne mai haɗari, saboda yoyo kala biyu ne kuma shi duk ɗaya ya ɗauke su. Wanda ke shigowa daga sama, ta robar gilashi ko ta ƙofa ko ta ƙusoshin rufi, yana ruɓar da kujera, ya sa tsatsa, ya bi wayoyi ya rikita lantarki, amma yana ba da lokaci. Wanda ke fita daga ƙasa, ta lagireto ko tiyo ko famfon ruwa, shi ba ya jira: inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone, a koma maganar miliyoyi. Jar fitila ta kama a gaban direban nan, sai ya manna mata hoton Ka'aba don kada ta dame shi. Ka yi masa magana ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga hanya ta Zurmi ba wurin tsayawa duba ruwa ba ta, bari mu kai gari." Duk wanda ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a shekarun nan ba zai iya ce masa ƙarya yake ba.

Sai bakanike, wanda tun ranar da motar ta shigo gari hannunsa ke ƙaiƙayi. Ya kwance Marsandi, ya kwance Daf, ya kwance Kanta ba adadi, wannan ce kaɗai bai leƙa cikinta ba, kuma abin yana hana shi barci. Zai zo da sifana a aljihun baya, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa, ya kasa kunne. "Alhaji, mi za ka kai ta Kano ka yi? Aikin minti goma na. In ɓalle gilashin, in zuba gam, in mayar." In an ce masa akwai garanti sai ya yi murmushin tausayi, ya tambaya ko garantin ne zai biya kuɗin man zuwa Kano. Mafi hazaƙa a cikinsu ma ba ya wahalar da kansa da neman inda ruwa ke shiga. Ƙasan motar zai huda ya yi masa hanyar fita. A ganinsa an gama magana, tunda ruwa ba ya kwana.

Bayansa akwai rundunar masu magani, su kuma lagireto suka fi ƙwarewa a kai. Wannan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, in ya dahu zai toshe ƙofar. Wancan ya ce garin barkono. Wani ya ce sabulu, wani garin taba, wani ya rantse da garin kuka. Abin haushin shi ne wasu daga ciki suna tsayar da ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, shi ya sa ba a rabuwa da su. Abin da ba sa faɗa shi ne, abin da ya toshe ƙofar yoyo yana toshe ƙananan hanyoyin ruwan ma. Ranar da injiniyan kamfani ya buɗe murfi ya ji ƙamshin miya, maganar garanti ta ƙare a nan.

Akwai dattijon da ke zama a ƙarshen benci, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, amma tarihin kowace mota yana kansa. Shi ba yoyon ne ya dame shi ba, zamani ne. Zai fara daga jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, ya gangaro kan Bedford, ya tsaya ya daɗe a kan Marsandi nain-ilebin, wadda a cewarsa ko a gulbin Gagare ka tsoma ta direba zai fito da busasshiyar riga. Ya tuna lokacin da ake haɗa Sitiya a Bauchi, Fiyat a Kano, Marsandi a Inugu. Duk wannan gaskiya ne, an yi. Abin da ya manta shi ne bodin waɗancan motocin na katako ne, kuma fasinjan da ya hau bayansu da damina ya san abin da ya sha. Ƙarshen jawabinsa kullum ɗaya ne: "Da an tambaye ni." Ba wanda ya taɓa tambayarsa, kuma ba ya fushi.

Mai ganin baki kuwa ba ya duba mota, mutane yake dubawa. Ya lissafa waɗanda suka zo ganin ta ranar da aka kawo ta, ya tuna wanda ya ce "kai!" bai ce "tubarkalla" ba. Shawararsa a yi sadaka, wanda ba laifi, a rataya laya a madubi, sannan a kawo rubutu a yayyafa mata ciki da waje. Motar da kukanta ruwa ne, an ƙara mata kofi biyu.

Mutum ɗaya ne ba ya ba da shawara a duk wannan taro, kuma shi ya kamata a sa wa ido: mai kwalliya. Shi ne wanda aka kai wa motar tun ba ta yi mako ba, don Alhaji ya ce ba za ta shiga Shinkafi tsirara ba. Ya rubuta mata kirari a goshi, ya zana dawisu a ƙofa, ya jera mata fitilu masu launi a kan rufi, ya ɗora ƙaho mai murya uku. Kowace fitila ƙusa biyu, kowace ƙusa rami ɗaya. Yanzu yana tsaye a bayan jama'a yana gyaɗa kai, in an zagi kamfani ya ce, "Wallahi kayan yanzu sai a hankali." Abokin sirrinsa mai walda ne, wanda ya ƙara wa bodin tsawo da tsayi don ta ɗauki buhunan da masu ƙera ta ba su taɓa mafarki ba. Su biyun in sun haɗa ido sai kowa ya duba wayarsa.

Malam yana zuwa ne bayan la'asar, kuma ya fi kowa nutsuwa. Shi a wurinsa ba sabon abu ba ne. Mayar da kaya saboda aibi babi ne da malaman Malikiyya suka gama tun da daɗewa, yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Zamfara. Wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ya riga ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Fuskar Alhaji ta washe. Sai Malam ya gyara zama ya ƙara da cewa in wani aibin mai ɓata kaya ya auku a hannun mai saye, hukunci ya sauya: ko ya riƙe a biya shi ragin tsohon aibi, ko ya mayar ya biya abin da ya ɓata. Sannan ya ɗaga kai ya dubi fitilun rufi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Alhaji, waɗanga da su ta zo?" Aka rasa mai amsawa. Mai kwalliya ya tuna yana da aiki a Ƙaura.

Ɗan boko shi kaɗai ne ya nemi a fito da takardar. Yawanci ɗan ƙanen Alhaji ne da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, kuma an sha wuya kafin a ba shi ita, sai da ya wanke hannu. Ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa: garanti yana da wa'adi, na watanni ko na kilomita, duk wanda ya riga cika. Sabis sai a garejin da kamfani ya amince da shi, a buga hatimi. Lodin da ya wuce ƙima ya ɓata shi. Huda, walda, sauya waya, duk sun ɓata shi a ɓangaren da aka taɓa. Yana karantawa majalisa na raguwa. Shawararsa mai kyau ce ƙwarai: a ɗauki bidiyon ruwan yana zuba, a rubuta rana da kilomita, a kai ƙorafi a rubuce a karɓi shaidar an karɓa, kada a yarda da "za mu duba" ta waya. Ya san akwai hukumar FCCPC da dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, ya san Amurka ta yi dokar tarayya kan garanti tun 1975, har wasu jihohinsu na tilasta wa kamfani ya karɓi motar da ta ƙi gyaruwa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya tsayawa. Daga nan sai ya ce a saka a Facebook, a yi TikTok, a kira 'yan jarida. Alhaji, wanda ya fi son motar ta nutse da a ji a duniya cewa an cuce shi, ya karɓe takardarsa ya mayar cikin leda.

Wakilin kamfani ba a ganinsa, murya ce a waya, mai daɗi kuwa. Ranar ciniki "Alhajina" yake cewa, ya kira sau uku a yini. Yanzu sai an kira sau bakwai. "Kawo ta mu gani," in ji shi, sai ka ce Kano bayan masallaci take. A bi Ƙaura, a bi Gusau da Tsafe, a kai Funtuwa, a yanki Malumfashi da Gwarzo, mota ba kaya, man dizal na ƙonewa, kasuwar Alhamis ta wuce, wata ma ta wuce. An isa, sai a ce injiniyan ya tafi Legas. Ya dawo, sai a ce robar gilashin tana cikin jirgin ruwa. Alhali irinta tana rataye a Ƙofar Ruwa, amma in ka saya ka saka da kanka ka fita daga garanti. Gwanin cikinsu ba ya musu, ba ya faɗa, kalanda kawai yake kallo. Ya san ruwan Zamfara yana ɗaukewa wajen Oktoba. Ya riƙe motar har iska ta juya, ya watsa mata ruwan tiyo na minti biyu, ya kira da fara'a: "Alhajina, an gama, ko ɗigo babu." Gaskiya ya faɗa. Babu ɗigo a Nuwamba, babu a Janairu, babu a Afrilu. Kafin hadari ya sake haɗowa, kilomita ta cika.

A cikin gida kuwa akwai uwargida, wadda ba a nemi ra'ayinta ranar saye ba. Kwanon ɗakinta damina uku yana zuba, ba wanda ya buga waya Kano. Da ta ji labari sai ta aiko yaro da robar da take tarbe ruwa da ita, ta ce a gaida Alhaji, a ce masa ta ga ya fi ta buƙata.

Sai ɗan kamasho, wanda ya haɗa cinikin tun farko, wanda ya dafa Alƙur'ani a zuci ya ce mota irin wannan ba ta taɓa taka Zamfara ba. Tun da aka fara maganar yoyo wayarsa ba ta shiga, an ce yana Maraɗi, an ce yana Jibiya. Ranar da ya ji Alhaji ya gaji sai ga shi da sassafe da sabuwar hula, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya yi jaje, ya zagi kamfani fiye da kowa. Sannan ya matso ya rage murya: "Alhaji, ka rabu da ita tun ba ta ci ka ba. Akwai wani mutumin Sabon Birni da ka neman irinta ido ruhe. Ni ban ce mishi tana yoyo ba, kai ma kak ka ce. Rani na, mu yi sauri." Alhaji ya yi shiru, ya dubi sama, ya tambaye shi nawa mutumin zai saya.