Gaishe Ki Rariya, Mai Gadin Ɗakin Kwamfuta

Cikin bayin Allah da ke yi wa ilimi hidima ba a taɓa kiran sunansu ranar raba kyaututtuka ba, babu wadda aka ci wa haƙƙi kamar Rariya. Ina nufin manhajar nan da ake dasawa a kwamfutocin makaranta don ta tsaya tsakanin mai neman sani da intanet, ta dubi kowane shafi a bakin ƙofa, ta ce wannan ya shigo, wancan ya koma inda ya fito. Gaishe ki dogariya marar albashi, wadda ba ta gyangyaɗi, ba ta yajin aiki, ba ta neman izinin zuwa suna ranar Litinin! Gaishe ki alƙaliyar da ke yanke hukunci ba ta saurari shaida ba, mai kotun da ba a ɗaukaka ƙara! Mu mutanen Minna bashin yabonki ya daɗe a wuyanmu, yau za mu rage.

Sirrin adalcinta shi ne ba ta karatu. Mai karatu yakan tsaya ya yi tunani, mai tunani kuwa yakan ji tausayi, daga nan sai ɓarna ta samu ƙofa. Ita Rariya jerin kalmomi ke hannunta, da jerin shafuka da wani kamfani can ƙetare ya kasa kashi-kashi. Da ta hango kalma sai ta rufe, ba ruwanta da abin da ke gabanta ko bayanta. Malamin kimiyyar halittu ya nemi zanen yadda jariri ke girma a mahaifa, ta rufe. Malamar kiwon lafiya ta nemi alamomin sankarar mama don ta gargaɗi 'yan matan ajinta, ta rufe, cikin kunya irin ta 'yar manyan gida. YouTube kuwa ɗungurungum take toshe shi, domin a cikinsa ana rawa, kuma ba za a bar yaro ya kalli yadda ake haɗa sinadarai a unguwar da ake kiɗa ba. Wannan hali gado ta yi. Can a 1995 kamfanin AOL na Amurka ya haramta kalmar da ke nufin mama, har masu fama da sankara suka rasa yadda za su ambaci ciwonsu, a 1996 kuma ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila rajista saboda ya tsinci ashar a tsakiyar sunan garinsu. Kowa ya san 'yar asali ba ta barin halin gidansu.

Ga ta kuma da kara. Da yake yawancin jerin nan da Turanci aka tsara su, ba ta cika tsoma baki a zancen Hausa ko Nufanci ko Gbagyi ba. Duk ashar ɗin da aka ƙunduma da harshen gida sai ta sunkuyar da kai ta ba shi hanya, domin baƙo mai tarbiyya ba ya shiga maganar masu gida.

Sai dai gaskiya ta fi, a makarantunmu da dama Rariya ba ta ma samu damar nuna gwanintarta ba, saboda yayyenta sun riga ta gama aiki. Na farkonsu Kwado, ɗan ƙarfe jikan maƙera, gagara ɗalibi gagara malami, mai kwana a ƙofar ɗakin kwamfuta rani da damina. Mabuɗinsa na aljihun shugaban makaranta, shugaban makaranta na taro a ma'aikata, ma'aikata kuma na jiran takarda. Bayansa sai Mayafi, mai lulluɓe kwamfutoci tun ranar da mai girma baƙo ya yanke ƙyalle aka ɗauki hoto, mai kare su daga ƙurar hunturu da ta yatsun yara. Albarkacinsa akwai na'urorin da suka tsufa suka mutu da budurcinsu, ba wanda ya taɓa latsa su.

Babban yaya kuwa, wanda in ya yi magana kowa ke shiru, shi ne Ɗauke-wuta. Nan fa alfaharinmu ya kai maƙura. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji ta 1968, ga Jebba, ga Shiroro tun 1990, ga Zungeru mai megawat 700 ta zo ta ƙara mana kwarjini, har ana yi mana kirari da jihar wutar lantarki. Wata jihar da ta samu haka sai ta yi ta haskaka azuzuwanta saboda son kai. Mu kuwa da yake masu karamci ne, wutar takan bi manyan wayoyi ta wuce ta saman kanmu ta tafi gaishe da wasu, ta bar ɗakin kwamfuta cikin natsuwa. Duk duniya ba a ƙirƙiro matatar da ta kai wannan ba. Ba shafin banza da ya taɓa tsallake ta, na kirki ma bai taɓa ba. In aka ce a tayar da janareta, sai ƙaninsu Ba-mai ya yi gyaran murya.

To duk wannan runduna, wa take tsarewa? Masu gajeren tunani za su ce yara. A'a. Yaro in ya koma gida Kpakungu ko Maitumbi ko Tunga, wayar yayansa na jiransa, babu rariya babu kwado. Tun da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ta koyar da ƙasa baki ɗaya amfani da VPN kyauta, darasin da ya fi kowane darasi shiga, ɗan aji uku ma ya san ta inda ake zagayawa. Mutum ɗaya tak wannan runduna ta yi nasarar tsarewa, kuma shi ne wanda ya fi kowa haɗari: Malam.

A dube shi da kyau. Ya yi shekara uku a Kwalejin Ilimi ta Minna ya karɓi NCE, wataƙila ya ƙara da digiri a Jami'ar Fasaha ta Tarayya, ya sha zirga-zirga tsakanin Bosso da Gidan Kwano. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa ta ba shi lasisi. Dokar tarayya ta 2022 ta ce malami ya isa ya yi aiki har shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Mun damƙa masa aji mai ɗalibai fiye da kujerunsa, mun ba shi bulala, mun ba shi jan biro da zai iya ɗaga yaro ko ya kayar da shi. Hukumar NECO, wadda hedikwatarta ke nan garinmu, takan ba shi takardun jarrabawa ya tsare, ta kuma ba shi amsoshin 'ya'yan mutane ya duba. Duk waɗannan ƙananan amanoni ne, kowa ma ana iya ba shi. Amma lambar sirri? Subhanallahi! Haruffa takwas da ke buɗe shafi guda na minti goma? Wannan sai ɗan kwangilar da ya dasa Rariya, wanda bai taɓa riƙe alli ba, saboda haka zuciyarsa fes take, kuma lambar wayarsa ba ta shiga.

In Malam ya matsa, akwai hanya, domin mu ba azzalumai ba ne. Ya rubuta takarda ya kai ofis, ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, shafin taswirar kogin Neja nake so a buɗe mini.” Za a amsa masa cikin mutunci, “To Malam, za a duba.” Kuma wallahi ana dubawa. Kafin a gama dubawa zango ya ƙare, yara sun haye aji na gaba ba tare da kogin ya cinye kowa ba.

Amurkawa, da yake zuciyarsu na da rauni, da suka kafa dokar tace intanet a makarantu da ɗakunan karatu a shekarar 2000, sai suka bar kafa: an yarda a janye matatar idan baligi zai yi bincike na gaskiya. Wato sun ɗauka babba babba ne. Allah Ya raba mu da irin wannan sakaci.

Mu mun ga illarsa tun da daɗewa, kuma a kan ɗan jiharmu. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Dokta East ya kira shi Zariya a 1936, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya bar shi da su, ba mai cewa wannan shafi bai dace da kai ba. Aka bar malamin makaranta ya zaɓa da hankalinsa! Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Magana Jari Ce, littafi uku, da suka hana yaran ƙasar Hausa barci da wuri, kuma har yau ba a shawo kan matsalar ba. Da Rariya na nan a lokacin, da ta tare Dare Dubu da Ɗaya tun daga bango, da akun Magana Jari Ce bai buɗe baki ba.

Yau Kagara ta shiga zamanin tsaro. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta garin da dare, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da mutum 42, 27 daga ciki ɗalibai. A watan Mayu aka kwashi yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Amma a yi wa masu tsare-tsare adalci, ta ƙasa maharan suka zo, ɓangaren da ba ya cikin kwangilar kowa. Ta intanet dai ba abin da ya shigo.

Wasu masu ƙorafi kan ce ai tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, a 2025 kuma ministan ilimi ya sanar cewa WAEC da NECO su ma can suka nufa, yaya yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai yi? Ba su fahimci ladabin abin ba. Ɗalibinmu da kwamfuta kamar ango da amarya ne a auren da, ba sa ganin juna sai daren da aka kai ta. In hannunsa ya yi rawa a zauren jarrabawa, kunya ce, kuma kunya ado ce. Kafin wannan rana Malam ya riga ya zana masa ita a allo da alli. Wani malami a Ghana ya yi irin wannan zane a 2018 duniya ta yi ta tafa masa, mu namu sun daɗe suna yi ba su nemi tafi ba.

Babbar kyautar Rariya da yayyenta ga Malam ita ce kwanciyar hankali. Da an ba shi mabuɗi, da yanzu yana can cikin ɗaki yana wahalar da idonsa wajen shirya darasi. Yanzu kuwa ga shi ƙarƙashin darbejiya, an mayar masa da ƙananan daɗin duniya da masu hannu da shuni ke nema da kuɗi ba su samu ba. Akwai daɗin ƙarar waya a ƙarshen wata, ko a tsakiyar na gaba, lokacin da albashi ya faɗo, daɗin da jira ke ƙara wa garɗi. Akwai daɗin ihun yaran unguwa in an kawo wuta, farin cikin da mutanen ƙasashen da ba a ɗauke musu ba za su mutu ba su ɗanɗana ba. Ga shayi mai kauri da burodi da sassafe, ga masa da zafinta, ga gasasshiyar masara a damina, ga sabuwar doyar Paiko a Kasuwar Gwari, wadda ko bai saya ba ya taya ya ji farashi. Ranar wasa ya leƙa filin Bako Kontagora ya ga Niger Tornadoes, ya yi ihu son ransa, nan ba mai neman takardar izini.

Daɗi guda ne aka tsare shi daga gare shi, kuma an kyauta. Shi ne wanda malami kan ji sa'ad da ya nuna wa yaro abu, ya ga zuciya na bugawa a allon na'ura ko duniya na juyawa gaban rana, fuskar yaron ta washe ya ce, “Malam, ashe haka ne!” Wannan daɗi na da maye. Malamin da ya saba da shi yakan fara zaton yana da muhimmanci, daga nan sai tambayoyi, daga tambayoyi sai neman haƙƙi.

Saura ɓaraka ɗaya, kuma ita nake roƙon mahukunta, Allah Ya ja zamaninsu, su duba da gaggawa. Har gobe Malam na shiga aji shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya yi minti arba'in yana magana da 'ya'yanmu da bakinsa, ba rariya, ba kwado, ba lambar sirri. Allin ma a hannunsa ake barinsa ya kwana. A kafa kwamiti, a ware kuɗi, a nemo ɗan kwangila kafin a dawo hutu.